Littattafan Yaƙi Da Bauta: Yaushe Za A Ba Yaro Su?

 Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisunmu, kowa na faɗin albarkacin bakinsa, har mu ma muka ga ya kamata mu sa baki. Maganar kuwa ita ce ta littattafan nan na labarun dā, masu yaƙi da hari da satar mutane da ƙetare hamada, waɗanda alhazai su kan riƙo mana daga Kano da Zariya, da kuma irinsu na Larabci da yaranmu ke samu a kantin littattafai ko cikin wayar hannu. Shin a ba yaro su, ko a hana shi? In kuwa za a ba shi, yana ɗan shekara nawa?

Mutanenmu sun rabu biyu a kan wannan. Waɗansu sun ce a kulle su a akwati, domin babu abin da za su ƙara wa yaro sai tsoro da mugun mafarki, ga kuma tone-tonen abin da ya riga ya wuce. Waɗansu kuwa sun ce yaron da ya ɗauki littafi a wannan zamani ai abin a yi masa goro ne, ko mene ne a ciki a bar shi ya karanta. Mu dai ba mu bi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da mu ke gani shi ne, ko wane littafi yana da lokacinsa, kuma littafi mai nauyi ba a miƙa wa yaro shi a juya baya, sai a zauna tare da shi. Ga dalilanmu.

LITTATTAFAN DA A KE MAGANA A KANSU

Da farko ya kamata mu san abin da mu ke gardama a kai, domin da yawa daga masu hani da masu izni ba su taɓa buɗe littattafan ba. A cikin 1933 ne wani Bature, Rupert East, wanda ke shugabancin ofishin fassara a Zariya, ya sa gasa, ya roƙi malaman ƙasar Hausa su rubuta labarai na ƙagawa da boko. Daga nan aka sami littattafai 5 waɗanda har yau su ne tushe: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida da shi East ɗin suka haɗa hannu suka rubuta. An buga su ne musamman domin waɗanda suka koyi karatu su sami abin karantawa, kuma shekaru da yawa ana karanta su a makarantun Nijeriya ta Arewa. Saboda haka ba baƙin abu ba ne a hannun yara. Amma fa a makaranta akwai malami a tsaye, kuma aji-aji a ke ba da su. Wannan shi ne abin da mu ke mantawa.

Mu ɗauki Shaihu Umar, domin shi ne ya fi shafarmu. Malam Abubakar ya rubuta shi yana saurayi mai koyarwa a Bauci, tun kafin ya zama Firayim Minista a 1957, kuma tun kafin a kashe shi a watan Janairu na 1966. Wani babban malami ne almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. Ubansa ya rasu tun ba a haife shi ba, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Aka tafi harin bayi, aka komo, 'yan'uwansa fadawa suka yi wa Makau sharri, Sarki ya kore shi. A cikin wannan rikici aka sace yaron, kura ta cinye ɓarawon da ya sace shi, yaro ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har ya zo Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu. Uwar kuwa ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta aka bautar da ita, ta sha wuya matuƙa, ba su sadu ba sai da ta zo gaɓar mutuwa. A kan hanyar komowa guguwar rairayi ta binne ayari, Umar ya tsira, ya ƙare yana koyarwa a Rauta.

To, jama'a, wannan labari ne da za a ba ɗan shekara 7 ya tafi da shi ɗaki shi kaɗai? Mu dai mun ce a'a. Labari ne kuma da za a ɓoye wa ɗan shekara 14 wanda aka haifa a Makka, kakansa Bakano ko Bakatsine? Nan ma mun ce a'a.

GA MASU CEWA A ƁOYE

Muna girmama masu wannan ra'ayi, domin tausayi ne ya sa su. Amma muna roƙonsu su dubi abin da mu ke biya wa yaranmu tun ba su yi famfara ba. A cikin izifin Amma, wanda ƙananan yara ke haddacewa, akwai Suratul Buruji mai labarin muminan da aka haƙa wa rami aka ƙone, akwai kuma Suratut Takwiri da ta ambaci 'ya mace da aka binne da rai. Suratul Fili labarin rundunar da ta nufo garin nan ne aka hallaka ta. In yaro ya yi nisa ya kai Suratu Yusufu, zai ji yadda 'yan'uwa suka jefa ƙanensu rijiya, ayari ya tsince shi, aka sayar da shi da 'yan kuɗi kaɗan, ya yi zaman kurkuku ba da laifinsa ba. Ashe Ubangijin da ya fi mu tausayin yara bai ɓoye musu cewa akwai zalunci a duniya ba. Kakanninmu mata ma, Allah ya jiƙansu, da su ke yi mana tatsuniya, ba su cire Dodo daga ciki ba, ba su cire kura ba.

Abu na biyu, akwatin da za a kulle littafin a ciki ba shi da murfi a yau. Yaron da aka hana wa Shaihu Umar yana riƙe da jawwal, kuma a cikinta akwai yanka da harbi da ya ninka na littafin sau ɗari, babu malami, babu darasi, babu ko sunan Allah. In mun hana shi labarin da wani mutumin kirki ya zauna ya tsara da hankali, ba mu tsare shi daga kome ba, mun dai bar shi da wanda ya fi muni.

Abu na uku shi ne ya fi muhimmanci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babu wani gida a cikinmu da bai san sunayen da a kan jefi baƙin yaro da su a hanya ko a filin ƙwallo ba. Ko mun so ko mun ƙi, yaronmu zai ji kalmar bawa, kuma zai ji ta daga bakin wanda ba ya ƙaunarsa. In bai taɓa jin maganar a gida ba, to, abin da ɗan hanya ya faɗa masa shi ne zai zauna masa a zuci. Zai ɗauka shirun da iyayensa suka yi kunya ce, kuma duk abin da a ke jin kunyarsa gaskiya ne. Wannan ita ce hasarar da mu ke gudu, ta fi mugun mafarkin dare ɗaya nesa ba kusa ba.

Gaskiyar kuwa ba abin kunya ba ce. Mafi yawan kakanninmu da ƙafarsu suka zo, 'ya'ya ne ba bayi ba, Ɗakin Allah suka nufo. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufo gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, aka tare su a Burmi ran 27 ga Yuli, ya yi shahada a can. Waɗanda suka tsira suka ci gaba tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka kafa garin da a ke kira da sunansa a bakin Kogin Nilu a Sudan. Waɗansu suka wuce har Hijaz. Bayansu ma ayari bai yanke ba, ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, mutum ya tsaya ya yi noma ko ya tsinci auduga a gonakin Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, ya tara guzuri, ya ƙara gaba, har ya kai Sawakin ya shiga jirgin katako ya ƙetare Bahar Maliya. Wani ya yi shekara 3 a hanya, wani 10, wani a hanya aka haife shi. Zango ne ya zame mana gida.

Amma kada mu yi wa yara rabin gaskiya. A kan hanyan nan an saci mutane, an yaudari waɗansu, an sayar da yara waɗanda iyayensu suka mutu a tafiya. A Nijeriya ta Arewa dokar 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekaran nan ɗa ne, amma ba a kashe bauta gaba ɗaya ba sai 1936. A ƙasan nan kuwa a 1962 ne aka soke ta, sa'ad da Faisal ke Yarima mai jiran gado. Kuma littafin Malam Abubakar bai ɗora wa baƙo laifin duka ba. Masu harin na gida ne, masu yi wa Makau sharri na gida ne, a cikin Larabawan kuma ya nuna mai kirki ya nuna azzalumi. Yaron da ya fahimci wannan ba zai raina kansa ba, ba kuwa zai ƙi wani don launinsa ba. Zai san zalunci hali ne, ba kabila ba.

GA MASU CEWA A SAKI

Su ma waɗannan suna da tasu gaskiyar, domin yaron da ba ya karatu abin tausayi ne. Amma mu koma ga misalin da muka kawo. Alƙur'ani a gaban malami a ke ɗaukarsa, kuma labarin ramin wuta a cikin 'yan ayoyi kaɗan ya zo, bai tsaya yana zana wa mai karatu azabar dalla-dalla ba, kuma nan take ya faɗi makomar azzalumai da ta muminai. Shari'a kanta mataki-mataki ta ke bi da yaro: a umurce shi da salla yana ɗan shekara 7, a tsananta masa yana ɗan 10, a raba musu wurin kwana. In salla, wadda ita ce ginshiƙi, an yi mata lokaci, ina dalilin da zai sa a ce littafin yaƙi ba shi da lokaci? Ko gidajen sinima da aka sake buɗewa a ƙasan nan a 2018 suna rubuta lamba a jikin finafinai, 12 ko 15 ko 18. Tsofaffin littattafanmu ba su zo da lamba ba, saboda haka mu ne za mu sa musu.

Ku dubi Ganɗoki. Littafi ne mai daɗin Hausa ƙwarai, cike da kirari da bugun gaba. Wani tsohon mayaƙi ne ke ba 'yan makaranta labarin yadda ya kara da Turawa a zamanin da suka ci Kwantagora da Bida a 1901, sa'an nan ya nufi gabas da ɗansa Garba Gagare har suka faɗa ƙasashen aljanu. Yaro ba ya jin tsoronsa, sai ma ya tashi ya ɗauki sanda yana sara iska. To, a nan haɗarin ya ke. A bakin Ganɗoki yaƙi wasa ne, wanda aka sare ba shi da suna, ba shi da uwa. Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, wanda a zamaninsa aka kafa labarin, ya shahara da kai hari ƙasar Gwari. Wanda ke bisa doki yana da nasa labarin, wanda doki ya bi ta kansa ma yana da nasa. Ganɗoki labarin na bisa doki ne, Shaihu Umar kuwa labarin na ƙasa. Yaron da aka ba na farko aka hana shi na biyu an ba shi takobi ba kube.

Jiki Magayi kuwa wani abu ne daban. Wani attajiri ya ƙwace wa saurayi budurwar da za shi aura, saurayin ya shiga uwa duniya neman asirin da zai rama, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, yaro ya tashi ɓarawo, har ya zama sanadin ajalin ubansa. Darasinsa mai kyau ne, watau ramuwa ba ta tsayawa inda mai ita ya so. Amma ƙaramin yaro ba zai ga darasin ba. Abin da zai gani shi ne, ashe a kan yi wa jariri asiri ya lalace ba da laifinsa ba, sai ya kwana yana tambayar kansa ko shi ma an yi masa. Wannan kayan raƙumi ne, ba a ɗora wa ɗan jaki.

YADDA ZA A AUNA

Mutane da yawa da jini su ke auna littafi: in akwai sara da suka su ce ya yi nauyi, in babu su ce lafiya. Mu a ganinmu wannan ma'auni bai cika ba. Duk wanda ya yi renon yara ya san abin da ke hana ƙaramin yaro barci ba takobi ba ne. Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne a raba shi da uwarsa. Saboda haka Shaihu Umar, wanda jininsa bai kai na Ganɗoki ba, ya fi shi nauyi a zuciyar ɗan shekara 8 ƙwarai da gaske, balle ɗan Makka wanda ya san cunkoson Harami, wanda tun yana goye a ke ce masa riƙe hannuna kada ka ɓata.

Ga tambayoyi 3 da mu ke ba iyaye shawara su yi kafin su miƙa littafi. Ta farko, wa a ke cuta a cikin labarin? In yaro ne tsaran naka, ko uwa, to, a ƙara shekaru. Ta biyu, ina labarin ya sauka? In wuya ta ƙare da sauƙi, ko azzalumi ya gamu da sakamakonsa, yaro zai iya ɗauka. In kuwa ya ƙare a duhu, sai wanda hankalinsa ya fara ƙarfi. Ta uku, in ya rufe littafin, wa zai tambaya? In babu kowa, to, lokaci bai yi ba, ko shekarunsa nawa ne. Tilas ne kuma wanda zai amsa tambayoyin nan ya zama ya karanta littafin, ko an karanta masa. Ba a hukunci a kan abin da ba a gani ba.

Bisa ga wannan, ga yadda mu ke ganin ya kamata a jera su. Yaron da bai kai 7 ba, tatsuniya ta ishe shi, da ƙissoshin Annabawa a taƙaice daga bakin uwa ko kaka. Daga 7 zuwa 10, watau farkon ibtida'i, a zaɓo masa daga Magana Jari Ce na Malam Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, da Ruwan Bagaja, babba na karantawa yana tsallake abin da ya ga bai dace ba. Daga 10 zuwa 12 a kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa, da Ganɗoki, amma a riƙa tsayawa ana tambayarsa, mutanen garin da aka ci fa, ina suka tafi? In ya shiga mutawassit, wajen 13 zuwa 14, lokacin Shaihu Umar ya yi, kuma uba ko uwa ko kawu su zauna da shi daga farko har ƙarshe. Jiki Magayi sai ya kai 15, ya shiga sanawi.

Na Larabci ma haka. Suwarun Min Hayatis Sahaba na Abdurrahman Ra'afat Basha yana da yaƙi da shahada a ciki, amma an rubuta shi domin matasa, ɗan shekara 10 zai iya. Akwai kuma Wa Islamah na Ali Ahmad Bakasir, na 1945, wanda muna so ƙwarai a haɗa shi da Shaihu Umar a shekara ɗaya. Labarin Ƙutuz ne, wanda littafin ya nuna ɗan gidan sarautar Khawarizm ne aka sayar da shi bawa yana yaro, ya tashi ya mulki Masar, ya karya rundunar Tattar a Ainu Jalut a 1260. Yaron da ya karanta biyun nan tare zai gane da kansa cewa bauta ba ta taɓa zama launin fata ba, musiba ce da ta faɗa wa fari da baƙi, ɗan sarki da ɗan talaka. Amma littattafan Jurji Zaidan, mutumin Bairut da ya kafa mujallar Hilal a Alƙahira a 1892, ya kuma rubuta labarun tarihin Musulunci fiye da 20, waɗannan sai manyan samari. Ya kan cuɗa tarihi da labarin soyayya na ƙagawa, malamai sun yi masa raddi a kan haka, kuma wanda bai san tarihin ba tukuna ba zai iya rabe tsaki da tsakuwa ba.

Kada wani ya ɗauki lambobin nan kamar nassi. Wani ɗan 11 ya fi wani ɗan 14 ƙarfin zuciya. Yaron da bai daɗe da rasa uwa ko uba ba, a jinkirta masa Shaihu Umar ko da ya kai. Uwa ta fi kowa sanin ɗanta, in ta ce a dakata, a dakata. Kuma duk abin da muka faɗa, da maza da mata mu ke nufi. Jarumar Shaihu Umar ta gaskiya ai uwar ce, wadda ta bar kome ta bi sawun ɗanta har bayan hamada. Bai kamata a hana 'ya'yanmu mata saninta ba.

ABIN DA MU KE ROƘO

Wani zai ce, duk wannan magana ta me, alhali yawancin yaranmu ba su iya karatun Hausar boko ba, waɗansu ma jin Hausar sai kame-kame? To, ai wannan shi ne ya sa muka ce a zauna tare da su. Abin da mu ke gani naƙasa shi ne zai zame mana magani. Tun da yaro ba zai iya karanta littafin shi kaɗai ba, tilas wani ya karanta masa, mai karantawan nan kuwa shi ne malamin da mu ke nema. Zai tsaya inda ya ga fuskar yaro ta sake, zai fassara kalmar da ta ɓace masa, zai ce masa kakanka ma ta irin wannan hanya ya biyo, ga sunan garin da ya yi zango. Da jifa ɗaya an sami harshe, an sami tarihi, an sami zumunci.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Tsofaffin da suka zo ta ƙasa saura ƙalilan, ko wace shekara muna sallar waɗansu a Harami. Rushe-rushen da aka yi domin sababbin tituna da tashar jirgin ƙasa ta Haramaini, wadda aka buɗe a nan Rusaifa a 2018, sun watsa gidaje da yawa, maƙwabtan shekara 50 sun koma nesa da juna. Dā yaro ya kan ji labarin hanya a ƙofar gida ba tare da kowa ya shirya ba. Yanzu in ba a shirya ba, ba zai ji ba.

Saboda haka muna roƙon abu 3. Na ɗaya, duk mai ɗan'uwa da zai zo aikin Hajji ko Umra, a cikin saƙon yaji da kuka da daddawa ya sa a riƙo masa littafi ko guda. Na biyu, ko wane gida ya keɓe dare ɗaya a mako, ko na Alhamis ne, a ajiye wayoyi bayan isha'i, babba ya karanta shafi 4 ko 5, a yi taɗi a kai. Wanda bai iya boko ba ya nemi wanda ya iya a dangi, a haɗa yaran gida biyu ko uku. Na uku, ranar da za a kai ƙarshen Shaihu Umar, a gayyato tsoho ko tsohuwa daga cikin waɗanda suka san hanya, ko waɗanda suka ji daga bakin iyayensu, su faɗi nasu. Yaro ya ji na littafi, ya ji na gidansu, ya san inda suka haɗu da inda suka rabu.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma wanda ya tanƙwara da gaggawa karya shi ya ke yi. Kada mu ɓoye wa 'ya'yanmu wuyar da aka sha kafin su sami kansu a maƙwabtakar Ɗakin Allah, kada kuma mu jibga musu ita tun wuyansu bai yi ƙwari ba. Wanda ya ke da wani ra'ayi daban, ko ya san wani littafi da ya kamata a sa cikin jerin nan, ya aiko mana, za mu buga in Allah ya yarda.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, da waɗanda suka iso suka riga mu. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa su fi mu sani da tsoronsa. Amin. Haza wassalam.